Shin gado ne ya hana jikina ƙona kitse?

"Likita, barka da aiki. Shekaruna 34, tsawona mita 1.62, nauyina kilo 91. Mahaifiyata mai jiki ce, 'yan'uwanta mata ma haka, biyu daga cikinsu suna fama da ciwon suga. Ƙanwata kuwa da muke uwa ɗaya uba ɗaya siririya ce, alhali a ganina ta fi ni ci. Wata ta ce min jikina ne ba ya ƙona kitse, wai gado ne, kuma akwai gwajin yawu da ake yi a gane irin abincin da ya dace da jinin mutum. Da gaske ana gadon wannan? In kuwa gado ne, akwai amfanin in ci gaba da wahalar da kaina?"

Barka kadai, Malama. Tambayoyi uku kika dunƙule wuri guda: ko ana gadon ƙiba, ko abin da ake gada shi ne rashin ƙona kitse, da kuma ko gwajin yawu zai iya zaɓa miki abinci. Ta farko amsarta e, har fiye da yadda mutane suke zato. Ta uku, ki riƙe kuɗinki. Ta biyun ce take buƙatar zama, domin wadda ta gaya miki ta kama gefen gaskiya ne ta saki tsakiyarta.

Bari mu fara da lissafinki. Idan aka raba nauyi da tsawo sau tsawo, wato 91 a raba da 1.62 sau 1.62, za a samu kusan 34.7. Wannan shi ne ma'aunin BMI. Daga 25 ake cewa nauyi ya haura, daga 30 kuma ake kiransa ƙiba a likitance. Lambar ba ta faɗin inda kitsen yake zaune, kuma za ki ga can gaba cewa wurin zamansa ya fi yawansa muhimmanci.

Hujjar cewa ana gadon ƙiba

Ganin ƙiba ta bi dangi bai isa hujja ba, tunda 'yan gida ɗaya tukunya ɗaya suke ci. Sai an raba jini da tukunya kafin a san wanne ne ke aiki. Abin da Albert Stunkard ya yi ke nan a 1986, lokacin da ya bi bayanan 'ya'yan riƙo 540 a ƙasar Denmak bayan sun girma. Jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, waɗanda ba su tashi a hannunsu ba, bai bi na iyayen riƙon da suka ciyar da su ba. Barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. Nazarce-nazarcen tagwaye da suka biyo baya sun nuna cewa kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na bambancin nauyi tsakanin mutane yana da alaƙa da gado.

Gwajin da ya fi kusa da tambayarki shi ne na Claude Bouchard a Kanada, wanda aka buga a 1990. Ya tara samari tagwaye na ƙwai ɗaya, mutum 24, ya killace su kwana 100, ana ƙara wa kowa kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake bayarwa) 1,000 a rana a kan abin da jikinsa yake buƙata, kwana shida a mako. Ƙarin abinci iri ɗaya, zama iri ɗaya. Da aka hau sikeli, matsakaicin ƙarin nauyi kilo 8.1 ne, amma wani kilo 4.3 kawai ya ƙara, wani kuma 13.3. Kowane ɗan tagwaye ya yi kusa da ɗan'uwansa, kuma kamannin ya fi fitowa a yawan kitsen da ya taru cikin ciki. Saboda haka mai cewa "abinci ɗaya muke ci amma jikinmu ba ɗaya ba" bai yi ƙarya ba.

Sai dai a ajiye wata lamba kusa da wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 masu ƙiba sun haura mutum biliyan ɗaya, kuma yawanta a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Ƙwayoyin gadon ɗan Adam ba su canza cikin shekara talatin ba. Abinci da zaman rayuwa ne suka canza, gado kuma ya zaɓi waɗanda canjin zai fi kamawa. Ƙabilar Pima misali ce da ake yawan kawowa: waɗanda suke jihar Arizona ta Amurka kusan kashi 38 cikin ɗari na manyansu suna da ciwon suga, danginsu manoma da ke tsaunukan Meziko kuwa kusan kashi 7.

Hanyar da kitse yake bi a jiki

Man da kika ci yana isa ƙaramin hanji, ruwan matsarmama ya farfasa shi ƙanana, sinadarin fankiriyas ya yanyanka shi, bangon hanji ya tsotse ya naɗe shi cikin wasu ƙananan ƙunshi da suke shiga jini. A bangon ƙananan jijiyoyin jini akwai wani sinadari, LPL, wanda aikinsa kwance waɗannan ƙunshi, ya miƙa kitsen ga tsoka ta ƙona ko ga rumbun kitse ya ajiye. Bayan cin abinci insulin, sinadarin da yake daidaita sukarin jini, yana hawa, ya buɗe ƙofar ajiya ya rufe ta fitarwa. Idan aka jima ba a ci ba, ko ana aikin ƙarfi, insulin ya sauka, wasu sinadarai biyu, ATGL da HSL, su kwance ajiyar, kitse ya fito jini. A cikin tsoka kuma wani mai suna CPT1 ne yake shigar da shi murhun ƙwayar halitta inda ake ƙona shi. Hanta tana gefe tana nata aikin: rarar sukari da sitaci takan mayar da wani ɓangarensu kitse.

Ina kitsen da aka ƙona yake tafiya? Mafi yawansa ta huhu yake fita. Cikin kowane kilo 10 na kitsen da ya narke, kilo 8.4 iska ce da ake fitarwa da numfashi, kilo 1.6 ruwa. Gumi da gudawa ba su ne babbar hanyar fitarsa ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna miki matsayin shayin rage ƙiba da yake sa zawo.

Kowane mataki a wannan hanya akwai ƙwayar gado da take tsara shi, kuma mutane sun bambanta a kansu. To ga abin lura. Akwai mutanen da aka haifa da lalacewa ta gaske a wannan hanya, kuma mun san kamanninsu. Wanda LPL ɗinsa ba ya aiki sam, kusan mutum ɗaya cikin miliyan, idan aka ɗebi jininsa aka ajiye a kwalba sai ka ga saman ya yi fari kamar madara, yana fama da kumburin fankiriyas mai tsananin ciwo, amma galibi ba mai ƙiba ba ne. Yaron da aka haifa da matsalar MCAD, wanda jikinsa ba ya iya ƙona wani nau'in kitse, alamarsa ita ce sukarin jininsa ya faɗi ya galabaita idan ya daɗe bai ci ba ko zazzaɓi ya kama shi. Masu rashin rumbun kitse kuwa, waɗanda ƙwayar PPARG ko LMNA ta samu tangarɗa, hannuwa da ƙafafunsu ba kitse, jijiyoyi a fili, amma ga ciwon suga mai wuyar magani ga hanta cike da mai. Wato a inda injin sarrafa kitse ya lalace da gaske, abin da ake gani ba ƙiba ba ce, wata cuta ce dabam.

Akwai ɗan bambanci tsakanin mutane wajen yadda jiki yake fifita ƙona kitse ko sitaci, an kuma auna shi a cikin 'yan Pima, aka ga waɗanda jikinsu ya fi karkata ga ƙona sitaci sun fi ƙara nauyi daga baya. Amma ƙaramin tasiri ne. Kuma jiki mai kilo 91 yana ƙona kalori a kwance fiye da mai kilo 55, don ɗaukar babban jiki aiki ne.

Yawancin abin da aka gano a ƙwaƙwalwa yake aiki

A 1994 Jeffrey Friedman na jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano sinadarin leptin ta hanyar nazarin wani ɓera mai ƙiba da ba ya ƙoshi. Rumbun kitse ne yake fitar da leptin, ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa akwai ajiya, a sassauta yunwa. A 1997 Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi a Kambirij ta Ingila suka samu yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Pakistan, waɗanda jikinsu ba ya yin leptin. Ƙwaƙwalwarsu tana ganin kamar yunwa za ta kashe su alhali jikinsu cike yake da kitse, saboda haka ba sa daina neman abinci. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar leptin, cin ya ragu, nauyi ya sauka. An yi ta murna cewa an samu maganin ƙiba, sai aka tarar yawancin masu ƙiba leptin ya yi musu yawa ma, ƙari ba ya amfana musu komai.

Daga nan aka bi layin saƙon cikin ƙwaƙwalwa aka samu sauran ƙwayoyin gadon da suke kan layin: LEPR, POMC, PCSK1, da MC4R. Ta ƙarshen ita ce ta fi yawa a cikin ƙibar da ƙwayar gado guda ɗaya take haddasawa, ana samunta a kusan kashi 5 cikin ɗari na yaran da ƙiba mai tsanani ta kama tun suna ƙanana. Dukansu yunwa da ƙoshi suke taɓawa.

Ƙibar yawancin mutane ba ta ƙwaya ɗaya ba ce. Tarin ƙananan bambance-bambance ne, ɗaruruwa, kowanne da ɗan abin da yake ƙarawa. Mafi shahara ita ce FTO da ke kan kuromosom na 16, wadda aka gano a 2007 a nazarin mutum kusan 39,000. Wanda ya gaji nau'in haɗarin daga uwa da uba duka, kusan kashi 16 cikin ɗari na Turawa, ya fi wanda bai gada ba nauyi da kusan kilo 3. Kilo uku ne fa, kuma ita ce babbarsu a cikin Turawa. Masu ɗauke da ita an lura sun fi jinkirin ƙoshi, sun kuma fi miƙa hannu ga abinci mai maiƙo. Wani bincike na 2015 ya nuna tana da hannu a ƙwayoyin kitse ma, tana karkatar da su daga masu ƙona mai su ba da ɗumi zuwa masu ajiya. A shekarar ce kuma wani babban nazari ya lissafa wurare 97 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da BMI, aka duba inda suka fi aiki, sai aka ga ƙwaƙwalwa ce. Zuwa 2018 an kai wurare sama da 900, duka-duka suna bayyana kusan kashi 6 cikin ɗari na bambancin nauyi.

Akwai masu sa'ar gado ta ɗaya gefen. A 2021 an gano cewa kusan mutum ɗaya cikin 3,000 yana ɗauke da ƙwayar GPR75 da kwafi ɗaya ba ya aiki, kuma irinsu sun fi sauran mutane sauƙin nauyi da kusan kilo 5. Siririn mutum ba lallai ya fi kowa haƙuri da abinci ba, sau da yawa yunwar ce ba ta matsa masa.

Inda ƙwayoyin gadon kitse suke da iko

Nan ne maganar wadda ta ba ki labari take da gindi, sai dai ba yadda ta faɗa ba. Ƙwayoyin da suke aiki a rumbun kitse da hanta ba su cika yanke yawan kitsen da za ki tara ba, amma su ne suke yanke inda za a ajiye shi da irin ɓarnar da zai yi.

Kitsen ƙarƙashin fata, musamman na cinya da mazaunai, rumbu ne mai aminci. Yana karɓar kitse ya riƙe. Kowa da girman rumbun da ya gada. Idan na wani ya cika, rarar takan malala inda bai kamata ba: tsakanin kayan ciki, cikin hanta, cikin tsoka, cikin fankiriyas. Daga nan insulin yake fara rasa tasiri, sukari ya hau, kitsen jini ya hau, hawan jini ya biyo baya. Shi ya sa za ki ga mace mai kilo 95 da faɗin ƙugu da cinya gwaje-gwajenta lafiya lau, ga namiji mai kilo 75 da siraran ƙafafu da ɗan tumbi yana shan maganin suga. Ƙwayoyin gadon da suke tsara wannan rabo, ba kamar na BMI ba, a rumbun kitse suka fi aiki, kuma da yawansu sun fi ƙarfi a jikin mata.

Misalai biyu za su fito da abin fili. A tsibirin Samowa an gano wani nau'in ƙwayar CREBRF a 2016, wanda ya yaɗu sosai a cikin mutanen wurin. Kowane kwafi yana ƙara kusan maki 1.4 a BMI, ya ninka tasirin FTO nesa ba kusa ba, amma masu ɗauke da shi haɗarin ciwon suga ya fi sauƙi a kansu. Ƙarin kitse, ƙarancin cuta. Na biyu PNPLA3 ce, wadda aka gano a 2008 a birnin Dallas na Amurka. Ba ta ƙara nauyi, amma tana hana hanta sakin man da ta tara, kuma wanda ya gaji kwafi biyu man hantarsa ya ninka na sauran fiye da sau biyu. A wannan nazarin yawan nau'in ya kai kashi 49 cikin ɗari a 'yan asalin Latin Amurka, 23 a fararen fata, 17 a baƙaƙen fata. Mai wannan ƙwaya idan ya yi ƙiba ko yana shan giya, hantarsa ce take fara biya.

Saboda irin wannan bambanci ne hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya, ta sauke ma'aunin BMI zuwa 23 da 27.5, maimakon 25 da 30, ga 'yan asalin Asiya, Gabas ta Tsakiya, da baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka da Karebiyan, domin ciwon suga yakan same su tun nauyi bai kai ko'ina ba. A labarinki, abin da ya fi jan hankalina ba jikin mahaifiyarki ba ne, ciwon sugan 'yan'uwanta biyu ne.

Wani abu kuma game da ƙwayoyin kitse kansu. Nazarin da aka yi a Suwidin a 2008 ya nuna adadinsu yana tsayawa ne daga yarinta zuwa balaga, bayan nan jiki yana sabunta kusan kashi 10 cikin ɗari duk shekara amma jimillar ba ta cika sauyawa ba. Idan babba ya rame, ƙwayoyin motsewa suke yi, ba ɓacewa ba. Leptin ya sauka, yunwa ta ƙaru, jiki ya rage kalorin da yake kashewa, kuma an auna cewa wannan hali yana nan har bayan shekara guda da ramewa. Mai rage nauyi da ya ga ya dawo ba ragwanci ne ya kayar da shi ba, jikinsa ne yake ja da baya.

Ke da ƙanwarki

'Yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya rabin ƙwayoyin gadon da suke bambanta mutane suke tarayya a kai, bisa matsakaici. Cikin ɗaruruwan ƙananan nau'o'in nan, ke kina iya kwasar kaso mai yawa ita ta kwashi kaɗan. Wani nazari na 2019 da ya haɗa wa kowane mutum makin gadon ƙiba daga wurare miliyan 2.1 na ƙwayoyin gado ya samu tazarar kusan kilo 13 tsakanin waɗanda suke can sama da waɗanda suke can ƙasa.

Maganar ta fi ki ci kuwa, mai yiwuwa ne, amma ido ba mudu ba ne. Kina ganin farantinta ne a zama ɗaya, ba kya ganin ranar da ta manta da abincin rana, ko yawan kai-komon da take yi. Wani bincike na 1992 ya auna mutanen da suka rantse ba sa ci amma ba sa ramewa, aka tarar abin da suke lissafawa ya gaza abin da suke ci da kusan rabi, ba don ƙarya ba, don loma ta tsaye da abin sha ba sa shiga lissafin kowa. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin 4. Babban cokali ɗaya na man girki kusan kalori 120 ne, kuma ba ya ƙara wa faranti tudu ko kaɗan.

Gwajin yawu

An gwada wannan da'awar kai tsaye. A jami'ar Stanford ta Amurka an raba mutum 609 gida biyu na tsawon shekara, wasu a kan abinci mai ƙarancin mai, wasu mai ƙarancin sitaci, bayan an duba ƙwayoyin gado uku da ake cewa suna nuna wanda ya dace da kowa. Sakamakon da ya fito a 2018: rukunin farko sun rage kilo 5.3, na biyu kilo 6.0, kuma wanda aka ɗora a kan abincin da "ya dace da jininsa" bai fi wanda aka saɓa masa ramewa ba. Wani nazari na 2016 da ya haɗa mutum sama da 9,000 ya nuna masu nau'in haɗarin FTO suna rage nauyi daidai da kowa idan sun bi tsari. Ƙari a kan haka, yawancin bayanan da aka gina waɗannan gwaje-gwaje a kai daga Turawa aka tattara su, hasashensu yana raguwa sosai a kan sauran jinsuna.

Gwajin gado na asibiti yana da wurinsa, amma ga wasu mutane ƙalilan: yaron da ƙiba mai tsanani ta kama kafin shekara 5, mai yunwar da ba ta yankewa har yana satar abinci ko tashi cikin dare nema, musamman idan akwai jinkirin girma ko na koyo, matsalar gani, yatsa ta shida, jinkirin balaga, ko iyayen dangin juna ne na kusa. A nan gwaji yana canza magani, don tun 2020 akwai allurar setmelanotide ga masu matsalar POMC, PCSK1 ko LEPR. Babu abin da kika faɗa da ya sa ki cikin wannan rukuni.

Abin da ya kamata ki yi

Fara da tef ɗin awo kafin sikeli. Ki tsaya, ki laluba ƙasan haƙarƙarinki na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ki zagaya tef a tsakiyarsu, a kan fata, bayan kin saki numfashi, ba tare da tsuke ciki ko matse tef ba. Abin da ake so kada ya wuce rabin tsawonki, wato santimita 81 a gare ki. Ga mata, daga 88 haɗari ya yi yawa, ga maza daga 102.

Sai gwajin jini da safe kafin karyawa. A ma'aunin mg/dL, sukari daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama idan an maimaita ciwon suga ne. A gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku, iyakokin su ne 5.7 da 6.5, sai dai yakan yi kuskure ga mai ƙarancin jini ko sikila. Kitsen jini na tiraigilisarayid ana so ƙasa da 150, kolestirol mai kyau na HDL sama da 50 ga mace. A haɗa da gwajin hanta na ALT, hoton ciki idan ya haura, da awon hawan jini. Waɗannan su ne za su gaya miki ko rumbunki ya fara malala, kuma sun fi kowane gwajin yawu faɗin abin da gadonki yake yi a yau.

Likitan da ya gan ki ido da ido zai kuma duba abin da ba zan iya gani daga rubutu ba. Idan al'adarki tana tsallake watanni, ga gashi a haɓa ko kuraje, ko baƙin fata mai kauri a wuya da hammata, a duba matsalar ƙwan mace ta PCOS. Idan akwai kasala, jin sanyi da bushewar fata, a duba tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya. Ki kai masa duk maganin da kike sha, don prednisolone, dexamethasone, olanzapine, valproate, cyproheptadine da insulin duk suna ƙara nauyi.

Game da buri, kada ki sa jikin ƙanwarki a gaba. Ki nemi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki cikin wata shida, wato kilo 4.5 zuwa 9. Kamar kaɗan ne, amma kitsen hanta da na cikin ciki su ne suke fara tafiya. A babban gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka buga a 2002, waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwa da ciwon ta ragu musu da kashi 58 cikin ɗari. A jikinki kashi 7 kilo shida da ɗan ɗoriya ne.

Tunda yunwa ce ƙofar da gado ya fi shigowa ta ita, tsarin da zai ɗore shi ne wanda yake ƙosarwa, ba wanda yake gwada haƙurinki ba. A kowane ci a samu furotin, ƙwai, kifi, nama maras kitse ko wake, rabin faranti ganye da kayan lambu, sitaci kuma ya tsaya a kwata. Man girki a auna shi da cokali, a daina tsiyayawa daga kwalba. Abin sha mai zaƙi shi ne na farkon cirewa, don kalorin ruwa ba ya ƙosarwa, kuma an ga illarsa da ta soyayyen abinci ta fi tsanani ga waɗanda suka gaji saurin ƙiba. Rage kusan kalori 500 a rana yana sauke kusan rabin kilo a mako da farko, daga baya ya ragu. Inda mutane suke faɗuwa shi ne wata na uku ko na huɗu, lokacin da sikeli ya tsaya cak su ɗauka tsarin ya daina aiki su watsar, alhali jiki ne ya ƙanƙance buƙatarsa ta ragu. Kuskure na biyu shi ne yunwar gangan, a wuni ba ci a rama da dare. Na uku barci: ƙasa da awa bakwai yana tayar da yunwa washegari.

Motsa jiki shi kaɗai ba ya sauke nauyi da yawa, gara ki san haka tun yanzu. Amfaninsa a wani wuri yake: yana rage kitsen ciki ko sikeli bai motsa ba, yana sa tsoka ta karɓi sukari, yana kuma taimakawa wajen riƙe abin da aka rage. Wani nazari na 2011 a kan manya sama da 200,000 ya nuna tasirin FTO yana raguwa da kusan kashi 27 cikin ɗari ga masu motsa jiki. Minti 150 zuwa 300 a mako na tafiya mai sauri, wadda za ki iya magana a cikinta amma ba za ki iya rera waƙa ba, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka.

Ki nisanci duk abin da aka rubuta wa "mai ƙona kitse". Mafi yawa maganin zawo ne ko na fitsari ko sinadarin kofi. Wanda yake ƙona kitse da gaske, DNP, an sha shi a Amurka a shekarun 1930, aka hana a 1938, domin yana sa jiki ya yi zafi har mutum ya mutu, kuma har yau ana sayar da shi a ɓoye ta intanet.

Idan kin yi wata shida da gaske nauyi bai motsa ba, ko gwaji ya nuna suga ya fara hawa, da BMI 34.7 kin cancanci a tattauna magani. Allurar semaglutide ta mako-mako ta rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyi cikin mako 68 a gwajin da aka buga a 2021, kuma ki lura a ƙwaƙwalwa take aiki, yunwa take kwantarwa. Takan sa tashin zuciya da cushewar ciki a farko, shi ya sa ake farawa da ƙaramin awo ana ƙarawa duk mako huɗu. Waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara. Ba a yin ta da juna biyu, kuma idan kina neman haihuwa sai an dakatar da ita aƙalla wata biyu kafin nan, don haka ki faɗa wa likitanki shirinki tun a zaman farko.